W25Q128JV na Winbond a idon mai kula da direbansa

Shekara ta biyar ke nan ina kula da direba guda, wato guntun manhajar da ke shiga tsakanin ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura da aisin ajiyar filashi, ƙaramin guntun lantarki da ke riƙe bayanai ko da wuta ta ɗauke, a cikin wasu akwatuna da muke harhaɗawa domin ɗaukar bayanan famfunan ruwa masu aiki da hasken rana. Kowane minti akwatin yakan rubuta ƙarfin wutar da faranti ya kawo, da yawan ruwan da ya fito, da zafin cikin akwatin kansa, sannan ya adana su har sai an sami sabis ɗin waya ya tura. Aisin da ke riƙe da waɗannan bayanai tun farkon aikin shi ne W25Q128JV na kamfanin Winbond, kuma hukuncin da zan yanke masa a nan hukuncin wanda ya zauna da shi ne a kan teburin aiki, ya karanta takardar bayanansa har ya kusa haddace wasu shafuka, ba na wanda ya kunna shi sau ɗaya ya ga fitila ta kama ba.

Winbond kamfanin Taiwan ne da aka kafa a 1987, kuma yana cikin manya uku da suka mamaye kasuwar filashi nau'in NOR, wato wanda ake iya karanta kowane bayit nasa kai tsaye, tare da Macronix da GigaDevice. Duk mai gyaran kwamfuta da ya taɓa ɗaga aisin BIOS, mai riƙe da manhajar tayar da kwamfuta, da iska mai zafi ya sake zuba masa manhaja, da wuya bai riƙe ɗan gidan W25Q a bakin hantsaki ba, domin suna cikin kwamfutoci da na'urorin raba intanet, har allon Raspberry Pi Pico ma ƙanensa W25Q16JV ne a kai. Wanda nake magana a kansa yana ɗaukar megabit 128, wato megabayit 16, yana aiki da wuta tsakanin bolt 2.7 da 3.6, kuma ana magana da shi ta hanyar SPI, tsarin aika bayanai a jere ta wayoyi kaɗan, ko da layi ɗaya ko biyu ko huɗu. An raba cikinsa zuwa shafuka 65,536 masu bayit 256 kowanne, shafi 16 su ne sashe ɗaya mai kilobayit 4, sassan kuma 4,096 ne. Ana iya karanta kowane bayit a kowane lokaci, ana rubutu shafi-shafi, amma gogewa ba ta yiwuwa a ƙasa da sashe guda. Rubutu yana mayar da bit, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, daga 1 zuwa 0 ne kawai, gogewa kaɗai ke dawo da 1, kuma daga wannan ƙa'ida ɗaya kusan dukkan wahalar direba ta samo asali.

Abin da ya fi burge ni da shi shi ne rashin ban mamaki. Umarnansa su ne waɗanda kusan kowane ɗakin karatun manhaja ya riga ya sani: 0x9F don tambayar ko shi wane ne, 0x06 don neman izinin rubutu, 0x02 don rubuta shafi, 0x20 don goge sashe, 0xD8 don goge rukuni mai kilobayit 64, 0x05 don duba rijistar hali, wato wurin da aisin ke nuna halin da yake ciki. Saboda yawansa a duniya, idan direban Linux ko na Zephyr, tsarin sarrafa ƙananan na'urori, ko manhajar flashrom mai karanta filashi da rubuta shi za su yi kuskure a kan wani aisi, da wuya ya zama wannan, domin dubban mutane sun riga sun taka hanyar sun cire ƙayoyinta. Ga mai kula da rubutun manhaja na tsawon shekaru wannan ya fi saurin karatu daraja, ko da yake saurin ma ba abin rainawa ba ne, tunda yana kai megahaz 133 a umarnan karatu masu sauri. Sai dai a lura cewa tsohon umarnin karatu 0x03 iyakarsa megahaz 50, kuma wanda ya ɗaga agogon SPI ya bar wannan umarni a wurinsa zai iya ganin komai yana tafiya daidai a ɗakin gwaji mai sanyi, sannan bayanai su fara zuwa da kuskure jefi-jefi a fili.

Takardar bayanansa ma ta cancanci yabo, domin tana faɗin gaskiya ga wanda ya karanta ginshiƙin ƙarshe na jadawali. Goge sashe ɗaya a al'ada yana cin milisakan 45, amma iyakar da kamfanin ya ɗauki alkawari a kanta milisakan 400 ce. Goge rukuni mai kilobayit 64 a al'ada milisakan 150 ne, amma zai iya kai daƙiƙa 2, goge aisin gaba ɗaya kuma daƙiƙa 40 ne a al'ada, ya kai 200 a mafi muni. A sigar farko ta direbanmu na sa iyakar jiran gogewa a milisakan 100, ina ganin ai ninki biyu na abin da aka saba ya wadatar, kuma ya wadatar ɗin har wata da watanni. Daga baya, lokacin bazara, wasu akwatunan da suka daɗe a aiki suka fara kawo rahoton cewa gogewa ta gaza, alhali aisin bai gaza ba, direban ne ya gaji da jira ya tafi ya bar shi a tsakiyar aiki, ya aika masa umarnin rubutu, shi kuma ya yi biris da umarnin. Laifina ne tsantsa, lambar 400 tana nan a rubuce tun ranar farko. Gyaran ya haɗa da sake tsara agogon gadi na ƙwaƙwalwar, wanda yakan sake tayar da na'ura idan ta yi shiru da yawa, domin a riƙa lallashinsa a cikin zagayen jira maimakon a bar shi ya kashe na'urar gogewa ba ta ƙare ba.

Wannan biris ɗin shi ne ainihin halin W25Q128JV, kuma a nan ne nake da babban ƙorafi a kansa. Aisi ne da ba ya cewa a'a. Idan ka aika masa umarnin rubutu ba tare da 0x06 ya gabata ba, zai yi shiru. Idan ka nemi rubutu a yankin da bit ɗin kariya na BP0 zuwa BP2 suka kulle, zai yi shiru. Idan yana cikin gogewa ka aika masa umarnin karatu, zai yi shiru, layin bayanai kuma ya ba ka duk abin da wayar ta ga dama, sau da yawa 0xFF, wato bayit da duk bit ɗinsa 1 ne, wanda shi ne daidai kamannin wurin da aka goge tsaf. A cikin rijistocin halinsa uku akwai BUSY da ke nuna yana aiki, akwai WEL da ke nuna an ba da izinin rubutu, akwai SUS da ke nuna an dakatar da aiki, amma babu ko bit ɗaya da ke cewa rubutu ko gogewa ya gaza. Wasu abokan hamayyarsa suna da wannan: aisin Macronix da yawa suna da P_FAIL da E_FAIL a rijistar tsaro, na Micron kuma suna da rijistar tuta ta musamman da ke bayyana gazawa da keta kariya. A nan kuwa BUSY yakan sauka zuwa 0 ko aikin ya yi kyau ko bai yi ba. Saboda haka direban da ya cancanci sunansa dole ya duba WEL bayan ya nemi izini, ya sake karanta duk abin da ya rubuta ya gwama da asali, ya kuma tabbatar sashe ya koma 0xFF daga farkonsa zuwa ƙarshensa bayan gogewa. Wannan ƙarin aiki yana cin lokaci da wuri a ƙwaƙwalwar da RAM ɗinta kilobayit kaɗan ne, kuma a ganina kamfani mai girman Winbond zai iya sauƙaƙa shi da bit biyu.

Akwai wani shirun da ya fi wannan cutarwa, ko da yake ba shi kaɗai ke da shi ba, halin dukkan danginsa ne. Idan rubutu ya fara a tsakiyar shafi ya zarce iyakar bayit 256, aisin ba ya tsallakawa shafi na gaba, sai ya naɗe ya dawo farkon shafin da yake ciki ya ci gaba da rubutu a kan abin da ke wurin. Mun taɓa faɗaɗa tsawon kowane bayani daga bayit 32 zuwa 40 domin ƙara ma'aunin batir, kuma da yake 32 yana raba 256 daidai, tsohon direban bai taɓa cin karo da iyakar shafi ba, ramin yana nan a rufe da ciyawa shekara biyu. Da 40 kuwa sai bayani na bakwai ya faɗa kan iyaka, wutsiyarsa ta koma ta ɓata bayanin farko na shafin. Na shafe kwana uku ina zargin wayoyi da dalma kafin na ɗora na'urar sauraron layuka a kan SPI na ga adireshin da idona. Tun daga lokacin aikin yanka rubutu a kan iyakar shafi yana cikin direba, ba a hannun mai kiransa ba, kuma akwai gwajin da ke rubuta kowane tsawo daga bayit 1 zuwa 600 a kowane matsayi na farawa, a kan filashin kwaikwayo da ke gudana a kwamfuta, wanda aka koya masa naɗewa da biris irin na gaske.

Batun sunan da yake amsawa da shi ma yana buƙatar kulawa. Idan aka aika 0x9F, nau'in da lambarsa ta ƙare da IQ yana amsawa da EF 40 18, nau'in IM kuma da EF 70 18, alhali duka biyun W25Q128JV ne a rubuce a bayansu. Bambancin ba na ado ba ne. A nau'in IQ an kunna bit ɗin QE, mai ba da damar aiki da layi huɗu, tun daga masana'anta, ƙafafun da a da ake kira WP, ta kariyar rubutu, da HOLD, ta tsayar da magana, sun zama layukan bayanai na uku da na huɗu, wanda ke nufin kariyar rubutu ta hanyar ƙafa ba ta aiki. A nau'in IM kuwa QE a kashe yake zuwa, sai direba ya kunna shi kafin karatu da layi huɗu ya yiwu. Wani abin da ya fi ɗaure kai shi ne tsohon W25Q128FV ma EF 40 18 yake amsawa, amma shi yana da yanayin QPI, inda har umarni ma ta layi huɗu ake aikawa, wanda JV nau'in IQ ba shi da shi. Direban da ya dogara ga lambar shaida kaɗai ba zai iya bambance wa da ƙane ba, kuma jami'in sayayya da ya ga bambancin harafi ɗaya a ƙarshen suna ba zai ɗauka ya sayo wani abu daban ba. Ni yanzu cikakken sunan har harafin ƙarshe nake rubutawa a takardar oda, in ja masa layi.

Maganin da masana'antar ta samar wa wannan ruɗani shi ne SFDP, ƙa'idar JESD216 da hukumar JEDEC ta fara fitarwa a 2011, inda aisi ke ɗauke da ƙaramin jadawali a cikinsa da ake karantawa da umarnin 0x5A, mai bayyana girmansa, da girman gogewar da yake iyawa, da umarnan karatu masu sauri da yawan bugun agogon da ake jira kafin bayanai su fito. W25Q128JV yana da shi, kuma wannan ya taimake mu ƙwarai a shekarun ƙarancin aisi na 2021 da 2022, lokacin da dole muka karɓi na wasu kamfanoni masu ƙafafu iri ɗaya domin kada aiki ya tsaya. A lokacin ne na gane yadda rubutuna ya cika da zato irin na Winbond ba tare da na sani ba. QE a nan bit na 1 ne a rijista ta biyu, a Macronix kuwa bit na 6 ne a rijista ta farko, kuma umarnin 0x35 da ke karanta rijista ta biyu a nan, a aisin Macronix da yawa shi ne ke jefa aisin cikin yanayin QPI, inda zai daina jin maganar layi ɗaya gaba ɗaya. Ba laifin Winbond ba ne wannan, amma illar shahara ce: mutum yakan ɗauka al'adar gidansu ita ce dokar gari. Yanzu direban yana karanta SFDP da farko, sannan ya duba ƙaramin jadawalin gyare-gyare namu na aisin da muka gwada da hannu, tsarin da direban spi-nor na Linux ma yake bi, domin ba kowane jadawalin SFDP ne ke faɗin gaskiya ba.

A wurinmu wuta ita ce jarrabawa ta gaske. Batir yakan yi ƙasa da asuba, mai gadin famfo yakan cire waya ya yi cajin tocila, kuma duk wannan yana iya faɗawa a cikin milisakan ɗin da ake goge sashe. Sashen da wuta ta yanke masa gogewa yana iya karantuwa kamar ya gogu sarai, amma ƙwayoyinsa suna tsaye a kan iyaka, yau su ba da 1 gobe su ba da 0 idan zafi ya canza. Aisin ba ya ajiye wata alama da za ta gaya maka an katse shi. Abin da muke yi shi ne rubuta ƙaramin tambari a kan sashe bayan gogewa ta kammala, duk sashen da aka tarar ba tambari kuma a sake goge shi ko da ya yi kama da fanko, sannan kowane bayani yana ɗauke da lambar tantancewa ta CRC. Wanda ba ya son gina wannan da kansa zai iya ɗora littlefs a kai, tsarin fayil da aka ƙirƙira a kamfanin Arm musamman domin jure yankewar wuta, amma shi ma yana dogara ne ga direban da ke ƙasa ya faɗa masa gaskiya idan rubutu ya ɓaci, mun kuwa riga mun ga cewa aisin ba zai faɗa wa direban ba sai ya bincika.

Kusa da wannan akwai matsalar tashi mai ɗumi, wato ƙwaƙwalwar ta sake tashi amma wutar aisin ba ta yanke ba. Nau'in IQ mai ƙafa takwas ba shi da ƙafar sake saiti, don haka yana nan a halin da aka bar shi. Idan an sa shi barci mai nauyi da 0xB9, yanayin da ke rage cin wutarsa zuwa kusan maikuro'amfiya ɗaya, ba ya jin komai sai 0xAB, ko tambayar rijistar hali ba ya amsawa, sai direba ya zaci babu aisi a kan allo. Idan kuma yana tsakiyar gogewa, aika masa 0x66 da 0x99 na sake saiti zai iya lalata bayanan sashen, kamar yadda takardar kanta ta yi gargaɗi. Jerin farawa da muka zauna a kansa shi ne a tashe shi da 0xAB, a jira, a duba BUSY da SUS har su sauka, sannan a sake saiti, sannan a tambayi sunansa. Layuka ne da ba su kai ashirin ba, amma kowannensu yana da bayanin dalilinsa a gefe, saboda na san wanda zai gaje ni zai ga kamar sun yi yawa ya so ya rage.

Game da tsawon rai ba ni da abin cewa sai alheri. Kamfanin ya yi alkawarin gogewa da rubutu aƙalla sau 100,000 ga kowane sashe, da riƙe bayanai fiye da shekara 20. Lissafin yana da sauƙi kuma yana da ban tsoro ga malalaci: wanda ke goge sashe ɗaya tilo kowane minti zai cinye wannan adadi cikin kwana 70 ko ƙasa da haka kaɗan. Wanda kuwa ke zagaya dukkan aisin da bayanai masu bayit 32 a minti, sai ya yi kwana 364 kafin ya dawo inda ya fara, kowane sashe ya sha gogewa sau ɗaya a shekara. A akwatunanmu ban taɓa ganin sashen da ya mutu don tsufa ba. Nau'in da harafin zafinsa I ne yana jure daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 85, na J kuma har 105, kuma akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana a watan Afrilu yana sa mutum ya daina ganin 85 a matsayin lamba mai nisa. Umarnin dakatar da gogewa, 0x75, da na ci gaba, 0x7A, suna aiki yadda aka rubuta, amma na cire su daga direbanmu bayan shekara guda, domin sun ninka yawan halayen da dole a gwada, amfaninsu kuma a aikinmu bai kai kuɗinsu ba.

Shahararsa ta jawo masa masu kwaikwayo. Mun taɓa sayen ƙulli ɗaya mai araha daga wani ɗan kasuwar intanet, rubutun bayansu daidai, lambar shaidarsu daidai, amma da muka karanta lambar musamman mai bit 64 da umarnin 0x4B ke bayarwa, wadda ya kamata ta bambanta a kowane aisi, sai muka tarar da yawansu lamba ɗaya suke da ita, wasu kuma abin da aka rubuta a rabin sama yana bayyana a rabin ƙasa, alamar cikinsu bai kai megabayit 16 ba. Tun daga nan kowane allo sai ya wuce gwajin da ke rubuta alama daban a adireshi masu nisa da juna kafin ya bar ɗakin aiki. Mai amfani da ƙaramar na'urar zuba manhaja ta CH341A kuma ya auna ƙafafunta da mita tukuna, domin da yawa daga cikin baƙaƙen allunan da ke kasuwa bolt 5 suke fitarwa a layukan bayanai, aisin kuwa iyakar aikinsa 3.6.

Zan ci gaba da sayensa ga duk aikin da megabayit 16 ya ishe shi, daga dillali amintacce, da cikakken suna a takarda, kuma ba zan ba da shawararsa ga wanda ke neman aisin da zai kama masa kuskurensa ba. Wannan girma shi ne iyakar abin da adireshi mai bayit uku ke iya kaiwa, saboda haka direbansa ya tsira daga rikicin adireshi mai bayit huɗu da ke jiran duk wanda ya hau zuwa W25Q256, inda umarnin 0xB7 ke sauya yadda aisin ke fassara kowane adireshi, kuma tashi mai ɗumi zai iya barin ƙwaƙwalwa tana magana da bayit uku aisi yana sauraron huɗu. An riga an nemi mu ninka wurin ajiya a sabon allon da za a zana bana domin a riƙa ajiye kwafi biyu na manhajar ciki, kuma abin da na rubuta wa mai zanen shi ne ya bar mini wurin W25Q128JV guda biyu, kowanne da nasa layin zaɓi, wato wayar da ƙwaƙwalwa ke nuna wanda take magana da shi.